Wasiƙa daga Jamus: abin da na gani a bikin yara na wata gonar inabi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina fatan Hajiya tana samun sauƙin ƙafar, kuma an yi Sallah lafiya. Mu ma nan Ludwigshafen lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Tun da ka kafa 'yan layukan inabin nan a gonarka ta hanyar Hunkuyi kake tambayata yadda Jamusawa suke noman nasu, ni kuwa kullum amsata ita ce aikin gidan kula da tsofaffi bai bar ni na leƙa gona ba, duk da cewa gonakin inabi ba su wuce tafiyar rabin sa'a daga unguwarmu ba. To, a ranar Lahadi 13 ga Afrilun 2025, wato mako biyu cif bayan ƙaramar Sallah, yara suka ja ni har cikin wata gonar, kuma abin da na gani ya fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta maka.

Abba ne ya dawo daga makarantar rainon yara da wata takarda mai hoton zomo da ƙwai, wadda ke sanar da cewa wani gidan manoman inabi a wani ƙauye da ke tsakanin Neustadt da Bad Dürkheim zai yi bikin iyali na shigowar bazara, kuma don yara aka shirya shi. Kada kalmar bazara ta ruɗe ka, domin tasu ba irin tamu ba ce mai zafin da ke hana barci kafin saukar damina. Tasu ita ce lokacin da sanyin hunturu yake ja da baya, rana take ƙara tsawo, itatuwan da suka yi wata huɗu tsirara suke fara toho, mutanen da suka kulle kansu a ɗaka kuma suke fitowa kamar an buɗe wa kaji akurki. A wannan yanki itatuwan almon ne suke fara yin fure tun cikin Maris, har akwai wani ƙauye mai suna Gimmeldingen da ke yin biki na musamman don furen, kuma ba a tsayar da ranarsa sai an ga itatuwan sun kusa buɗewa.

Sunan yankin Pfalz, yana cikin jihar Rheinland-Pfalz, kuma shi ne na biyu a girma cikin yankuna 13 da ake noman inabi a Jamus, domin yana da sama da hekta 23,000 daga cikin sama da hekta 100,000 na ƙasar baki ɗaya. Wata hanya mai tsawon kimanin kilomita 85, wadda aka buɗe a 1935, ta ratsa ƙauyukansa tun daga Bockenheim har zuwa Schweigen a kan iyakar Faransa, kuma sunanta da Jamusanci ma'anarsa Hanyar Giya. Daga sunan kaɗai ka gane inda matsalar take. Kusan duk inabin da ake nomawa a nan don giya ake noma shi, gidan da ya gayyace mu kuma gidan da ke noma inabi ne, ya matse shi, ya mayar da shi giya, ya zuba a kwalba, ya sayar da sunansa.

Ba zan ɓoye maka ba, sai da muka yi kwana uku muna ja-in-ja da maman Ummi a kan zuwa. Ita ta kafe a kan hadisin da ya hana zama a teburin da ake shan giya, ni kuma ban musa mata ba, sai dai na ce duk 'yan ajin Abba za su je, kuma da a bar yara su riƙa jin labarin wurin daga bakin abokansu gara mu je da su, mu nuna musu da hannunmu abin da ya halatta gare mu da wanda bai halatta ba. Daga ƙarshe muka yi sharaɗi cewa ba za mu zauna a farfajiyar da manya ke sha ba, za mu tsaya a filin yara da cikin gona, kuma za mu baro wurin kafin yamma. Ban ce na yi daidai ba, kuma na san akwai 'yan'uwa a masallacinmu da ba za su taka ƙafa a wurin ba, ina kuma girmama matsayinsu. Abin da ya faru nake ba ka labari, ba fatawa nake bayarwa ba.

A jirgin ƙasa muka tafi. Ni da maman Ummi kowa yana da tikitin wata, da a 2025 ake sayarwa Yuro 58, wanda ke ba mutum damar shiga duk wata bas da jirgin cikin gari da ƙaramin jirgin ƙasa a faɗin Jamus, ban da jirage masu gudu na dogon zango. Abba kyauta ya shiga domin bai kai shekara shida ba, Ummi kuwa da ta cika bakwai sai da na yankar mata tikitin yara. Jirgin farko ya makara da minti goma sha wani abu, hakan ya sa na biyu ya tafi ya bar mu a Neustadt, muka zauna jiran wani. Na faɗi wannan ne don masu cewa a Jamus komai kan lokaci yake tafiya su san cewa Jamusawa da kansu sun daɗe da daina faɗin haka game da jiragensu.

Shiga kyauta ne. A bakin ƙofa wata yarinya, jikar mai gidan, ta miƙa wa kowane yaro ɗan kwando da kati, ta gaya mana ƙarfe nawa za a fara neman ƙwai, da inda banɗaki yake, da inda masu agajin gaggawa suka kafa rumfarsu. Neman ƙwan al'adarsu ce ta Ista, wadda a 2025 ta faɗo ranar 20 ga Afrilu: ana dafa ƙwai a rina shi kala-kala, a ɓoye a cikin ciyawa, a ce wa yara wai zomo ne ya kawo. Tsohuwar al'ada ce a wannan yanki, domin tun a 1682 wani malamin likitanci na Heidelberg ya ambace ta a rubuce. Abin da ya burge ni shi ne yadda aka raba filin gida biyu, ƙanana a gefe guda, manya a gefe guda, aka kuma ƙayyade ƙwai uku ga kowane yaro, wanda ya samu nasa sai ya fito ya kai katinsa a buga masa hatimi. Babu wawaso, babu wanda aka tattake, babu yaron da ya koma gida hannu rabbana. Na tuna ranar da aka yi rabon alewa a walimar saukar Alƙur'ani ta yaran gidan Kawu, inda ƙarfafa suka cika aljihu, ƙanana suka koma da kuka da tsagaggiyar riga. Alewar ranar ta isa kowa har ta yi saura, rabon ne bai samu mai tsara shi ba.

Ban da ƙwai akwai gidan balan-balan da yara ke tsalle a ciki, da wata mata da ke zana wa yara fuska, da tebur na yin zane da manna takardu, da ƙananan dawaki biyu da ake zagayawa da yara a kansu. Kafin a ɗora Abba sai da aka sa masa hular kwano, wata budurwa kuma ta riƙe linzami har aka je aka dawo. Yaron da kakansa ya yi hawan Daushe a Zazzau ga shi an ɗora shi a kan dokin da bai fi ɗan maraƙi ba, ana kuma tambayata ko yana jin tsoro. Na yi dariya ni kaɗai. Da na ɗaga waya zan ɗauki hoton filin don na turo maka, sai wani uba ya matso cikin ladabi ya ce in yi haƙuri kada 'yarsa ta fito a ciki, domin a nan ba a ɗaukar hoton ɗan wani sai da izinin iyayensa. Shi ya sa hotunan da za ka gani duk na itatuwa ne da na yaranmu.

Sai batun abin sha, wanda shi ne ya fi shafar ka. Abin da ake ba yara, mu ma muka sha, jus ne na inabi zalla, fari da ja, daga inabin gonar. A dokar nan ba a kiran abin sha da sunan Saft, wato jus, a jikin kwalba sai in abin da ke ciki ruwan 'ya'yan itace ne ɗari bisa ɗari. In an tsarma shi da ruwa da sukari dole a kira shi da wani suna daban, kamar Nektar, don haka mai saye yana iya sanin abin da zai biya kuɗi a kai tun kafin ya buɗe. Zaƙinsa ya yi yawa har yawancin mutane sukan haɗa shi da ruwa mai gas. Ana zuba wa manya a wani tambulan na gargajiyar yankin mai cin rabin lita, wanda aka yi wa 'yan ramuka a jiki don kada ya suɓuce daga hannu. Mu ƙananan kofunan gilashi muka karɓa, kowanne Yuro 3, aka kuma ƙara Yuro 2 kuɗin kofi, wanda ake mayar maka in ka dawo da shi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin ka tuna yadda mai shagon bakin layinmu ba ya barin a fita da lemon kwalba sai an ajiye kuɗin kwalba. Mu mun yar da tsarin da robobi suka zo, su kuwa sun mayar da shi doka: tun 2003 ake ɗora kuɗin ajiya a kan gwangwani da robar da ake sha sau ɗaya, yanzu santi 25 ne a kan kowace, kuma ana karɓarsu da na'ura a manyan shaguna. Mutane sun cika filin nan tun safe, amma ban ga roba ko ɗaya a ƙasa ba, kuma ban ɗauka don sun fi mu tsafta a zuci ba ne, sai don robar kuɗi ce.

Akwai tarkuna biyu da ya kamata duk Musulmin da zai zo wannan yanki ya sani. Na farko shi ne giyar da aka cire wa sinadarin maye, wadda ake tallata ta a matsayin marar barasa alhali doka ta yarda a samu ragowar da ta kai kashi 0.5 cikin ɗari a cikinta. Wannan daban take da jus, domin ita sai da ta zama giya tukuna. Na biyu kuma wani abin sha ne na lokacin kaka da suke kira Federweißer ko sabuwar giya, wanda a ido da a baki kamar jus yake, amma ya riga ya fara tsima, kuma kullum ƙarfinsa ƙaruwa yake. Na san wani ɗan'uwa da ya sayo shi a bakin hanya a shekararsa ta farko bisa rashin sani. Game da yara kuwa, doka ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 16 ba giyar inabi ko ta sha'ir, masu ƙarfi kuma sai ɗan shekara 18.

Abinci shi ne inda muka fi shan wahala, domin girkin wannan yanki a kan naman alade aka gina shi. Abincin da suke alfahari da shi tumbin alade ne da ake cusa wa nama da dankali, wanda tsohon shugaban gwamnati Helmut Kohl, ɗan asalin Ludwigshafen, ya riƙa ciyar da manyan baƙinsa da shi. Mun samu mafita a wani siririn burodi mai faɗi da ake gasawa da kirim da albasa, wanda asalinsa da gutsattsarin naman alade ake yinsa, amma akwai na ganye zalla, kowanne Yuro 9. Na tambayi mai gashin ko a faranti guda yake gasa su, bai ɓata rai ba, ya nuna mini cewa na ganyen katakonsa daban, ya kuma ɗauko wata takarda da aka jera abin da ke cikin kowane abinci. Dokar Tarayyar Turai ce ta wajabta wa mai sayar da abinci ya bayyana abubuwa 14 da kan tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, irin su gyaɗa da madara da ƙwai da alkama. Naman alade ba ya cikin jerin, amma saboda sun saba da a tambaye su, tambayata ba ta zama abin faɗa ba. A cikin kwandon yara kuma an sa 'yan alewoyi masu danƙo, waɗanda akasari da sinadarin da ake samu daga fatar alade ake yinsu, sai muka karɓe su muka musanya wa yaran da wainar fulawa mai sukari. A ɗanɗano dai, in gaskiya za a bi, duk abin da na ci a wurin bai kama ƙafar masa da miyar taushe ta Tudun Wada ba, kuma na ci na tashi kamar ban ci ba.

Ruwan sha kuwa sayensa ake yi. Kwalba guda Yuro 4 na biya, wato ya fi kofin jus tsada, kuma ba al'adarsu ba ce a ajiye wa baƙo ruwa kyauta a wurin cin abinci, duk da cewa ruwan famfonsu garau yake ana sha. Akwai dai wata doka da ta ce dole mai sayar da giya ya tanadi aƙalla abin sha guda marar sa maye wanda bai fi mafi arhar giyarsa tsada ba, don kada tsada ta tura matasa ga giya. Dokar ta yi kyau, amma ni da na taso a gidan da randa take a zaure don masu wucewa, har yau raina bai saba da sayen ruwa a gidan da aka gayyace ni ba.

Wajen biyan kuɗi ma na ga abin mamaki. Rumfunan abinci ba sa karɓar kati, sai tsabar kuɗi, na'urar cirar kuɗi mafi kusa kuma tana can tsakiyar ƙauye. Sai da na bar su na taka na dawo. A hanya ina tuna cewa a Zariya mai shayi da mai nama har da mai rake duk sun liƙa lambar asusu a jikin teburinsu, musamman tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, kuma kafin ka mayar da waya aljihu kuɗin sun shiga. A wannan fanni mun sha gabansu nesa ba kusa ba. Inda suka fi mu shi ne kowane kaya da farashinsa a rubuce, kuma abin da za a ce wa baƙo shi za a ce wa ɗan gari. Amma fa babu tayi, babu albarka, babu gyara. Na sayi kwalba uku ta jus a kan Yuro 4 da rabi kowace, na tsaya ina jiran a ce ga ragi tunda uku na ɗauka, sai matar ta lissafa daidai, ta ba ni canjina har santin ƙarshe, ta yi mini godiya, ta juya ga na bayana.

Abin da ya fi komai amfani gare ni shi ne zagayen gona. Ɗan mai gidan ya ɗaura wa tarakta wata doguwar amalanke mai rumfa da benci, ya kwashe mu ya shiga da mu cikin layuka, yana tsayawa yana yi wa yara bayani, ni kuma ina yi masa tambayoyinka. A wannan lokaci itatuwan ba su da ganye sosai, idanunsu ne kawai suka fara fashewa. Kowane layi a miƙe yake kamar an ja da zare, tsakaninsa da na kusa kimanin mita biyu don tarakta ta wuce, ga turaku da wayoyi da aka ɗaure rassan a kai. Ya nuna mana yadda a cikin hunturu suke datse kusan duk rassan bara, su bar guda ɗaya ko biyu su lanƙwasa a kan waya, domin a cewarsa itacen da aka bar wa rassa da yawa yakan cika 'ya'ya amma zaƙin ya ragu. Sau ɗaya suke girbi a shekara, a Satumba da Oktoba, yawanci da wata doguwar mota da ke hawa kan layi tana karkaɗe 'ya'yan, sai inabi na musamman da ake tsinka da hannu, inda akan ɗauki 'yan ƙwadago daga Romaniya da Foland.

Kusan kowane itace a nan mai aure ne, kamar yadda muke yi wa mangwaro. Gindin daga irin Amurka ne, saman kuma irin Turai, mafi yawa wanda suke kira Riesling. Dalili shi ne wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa da ya shigo daga Amurka a ƙarni na 19 ya kusa ƙarar da gonakin inabin Turai, har aka gano cewa saiwar irin Amurka tana jure masa. Babban abin da suke tsoro a watan Afrilu kuwa shi ne sanyin dare ya dawo bayan toho ya fito, ya ƙone shi, kamar yadda ya faru a sassa da dama na Jamus a Afrilun 2024. Kai kana fama da zafi da tsuntsaye da ruwan ban-ruwa, shi yana kwana yana duba ma'aunin sanyi, kowane allazi da nasa amanu.

Ka kuma sani cewa inabinsu ba irin naka ba ne. Nasu ƙanana ne, masu ƙwallo da kaurin ɓawo, ba a kai su kasuwa don a ci. Inabin ci da muke saya a shago yawanci daga waje yake zuwa, da kaka daga Italiya, a irin wannan lokaci kuma daga Afirka ta Kudu da Indiya da Chile. Wato mutumin da ke zaune a tsakiyar dubban hektocin inabi, in yana son wanda zai ci a watan Afrilu, sai ya sayi wanda ya yi makonni a cikin jirgin ruwa. Naka da ake tsinka da safe a Kudan a ci da yamma a Kaduna ko Kano ya fi shi daɗi, ban da wata tantama.

Na tambaye shi yadda suke hana jus ɗin ya zama giya, sai ya ce abin ba wuya: da zarar an matse sai a tace, a dumama shi zuwa wajen digiri 80 don a kashe ƙwayoyin da ke sa shi tsima, a ɗura a kwalba mai tsafta a toshe, daga nan zai iya yin fiye da shekara bai lalace ba. A nan ne na yi ta tunaninka. Kai in inabinka ya nuna, kwanaki kaɗan gare ka, dillali kuma ya san haka, shi ya sa yake zuwa da farashin da ya ga dama, kai kuma ka sallama don kada ya ruɓe a hannunka. Wannan manomin ba ya jiran dillali. Abin da ya girbe a Oktoba shi ne yake sayar mini a Afrilu, a cikin kwalba mai sunan gidansu, a farashin da shi ya yanka, kuma ni na biya kuɗin jirgi na kawo kaina har ƙofar gidansa. Bikin yaran nan ma, in ka duba da kyau, kasuwa ce ya ci a tsakar gidansa. Ƙwai da balan-balan kyauta ne, amma kowane yaro da iyaye biyu ya zo, wani har da kakanni, kuma kafin mu tafi na ga motoci suna fita da katan-katan a bayansu.

Shi da kansa bai ɓoye dalilin ba. Ya ce shan giyar inabi yana raguwa a Jamus, musamman a tsakanin matasa, ga tsadar kwalba da wuta da ƙwadago, don haka gidan da ya tsaya a kan giya kaɗai yana cikin haɗari, shi ya sa suka ƙara yawan jus, suke ba da hayar farfajiya don bukukuwan aure, suke kuma shirya irin wannan rana. Abin da bai faɗa ba, amma ni na lura da shi, shi ne yaron da ya saba zuwa gidan tun yana ɗan shekara huɗu yana neman ƙwai, in ya girma ya san inda zai je ya sayi abin da ubansa ke saye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, su ma sun san wannan. Shi ya sa a jirgin dawowa na zaunar da Ummi na yi mata bayanin bambancin kwalbar da muka saya da waɗanda aka jera a ɗaya kantar, na kuma ga ta fahimta fiye da yadda na zata.

Da muka dawo na yi lissafi, na ga mun kashe ɗan sama da Yuro 60 ban da tikitin Ummi. Na san da ka ji haka za ka ɗauko waya ka buga da farashin canji, ka ga ya zarce Naira 70,000 da aka tsayar a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashin wata a gida, ka ce ƙaninka ya zama almubazzari. Lissafin da ya fi dacewa shi ne na sa'o'in aiki. Mafi ƙarancin lada a nan a 2025 Yuro 12.82 ne a sa'a kafin a cire haraji, don haka yinin nan ya ci kimanin aikin sa'a biyar na ƙaramin ma'aikaci, gwamnati kuma a shekarar tana ba kowane yaro Yuro 255 a wata. Duk da haka ba abin da za a yi kowane mako ba ne, domin kuɗin haya da na ɗumama ɗaki da inshora su ne suke cinye albashi tun kafin ya zauna a asusu. Kuma duk tsarin nan da na yaba, akwai abin da na rasa a cikinsa. Mun yi sa'a biyar a cikin ɗaruruwan mutane, kowa da fara'arsa, amma babu wanda ya tambaye mu daga ina, babu tsohuwar da ta kira Abba ta sa masa albarka ta damƙa masa wani abu a hannu. A yawon Sallah na gida yaro yakan fita da aljihu wayam ya dawo da kuɗi da cikakken ciki, alhali ba wanda ya buga takarda ya gayyace shi.

Yanzu ga abin da nake so ka duba. Ban ce ka kira mutane biki a gona gobe ba, amma lokacin da inabi ya nuna, mutanen Zariya da Kaduna da yawa ba su taɓa ganin yadda yake a jikin itace ba, kuma makarantun kuɗi kullum neman inda za su kai yara suke yi. Rumfa mai inuwa, da banɗaki mai tsafta na maza da na mata, da wurin alwala, da farashi a rubuce a allo, da sikeli na gaskiya, su ne abubuwan da na ga sun riƙe bikin nan, kuma babu wanda sai an yi odarsa daga waje a cikinsu. Batun jus kuwa yana buƙatar kwalabe masu kyau da ma'aunin zafi da rajistar NAFDAC kafin a kai shi kasuwa, don haka ka fara gwadawa da kaɗan a gida, daga 'ya'yan da suka fashe ko suka yi ƙanana waɗanda dillalai ke ƙi, ka ga kwana nawa zai yi.

Rassan dashe da ka ce in aiko maka ba za su yiwu ba, domin ba a ƙetara iyaka da tsiro sai da takardar lafiyar tsirrai, kuma irin nasu na ƙasar sanyi ne, na giya ne kuma. Abin da na saya maka shi ne almakashin datsa guda biyu irin wanda na gani a hannun ɗan mai gonar, da ma'aunin zafi na girki, zan ba wani ɗan'uwa da zai zo gida kafin babbar Sallah ya kawo maka. Ka turo mini hoton layukanka da tazarar da ka bari tsakaninsu, da sunan irin da ka dasa in ka san shi, domin mutumin ya ce in na koma da kaka in nuna masa. Ka gaishe da Hajiya da kyau, ka ce mata Ummi ta ajiye mata ƙwai ɗaya mai launin shuɗi, ta ƙi yarda a fasa.

Wassalam, ƙaninka.